Ina son zama likitar mata: Sakkwato zan nufa, ko gida zan tsaya, ko Masar?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Likita. Ni ɗaliba ce daga Argungu, na gama sakandare da sakamako mai kyau, burina kuma in zama likitar mata. Malamina ya ce in cike Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Baba ya fi son in tsaya a jiharmu, Birnin Kebbi ko Aliero. Kawuna kuma ya ce zai biya mini karatu a Masar. An ce da ni wanda bai fito daga babbar jami'a ba, ba ya samun gurbin residensi, wato horon ƙwarewa da likita ke yi bayan digiri. Gaskiya ne? Wacce zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka, ya kai ki inda kike buri. Maganar da aka gaya miki akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, amma an faɗe ta a karkace. A Najeriya babu wata doka ko ƙa'ida da ta ware gurbin residensi ga ɗaliban wata jami'a. Na zauna a kwamitin tantance masu neman gurbi a sashenmu, ban taɓa ganin an ajiye takardun wani a gefe saboda sunan makarantarsa ba. Sai dai makarantar da kika shiga tana iya kai ki bakin wannan ƙofa da wuri kuma a shirye, tana iya jinkirta ki, wata ma tana iya hana ki isa.

Ga yadda hanyar take. Digirin likita shekara 6 ne idan babu yajin aiki, babu maimaita aji. Kina gamawa, hukumar da ke ba likitoci lasisi, wato MDCN, za ta rantsar da ke ta ba ki lasisin wucin gadi. Sai ki yi shekara ɗaya ta hausjob, wato aikin sanin makama a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, wata uku-uku a sashen cututtukan manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa. Daga nan cikakken lasisi, sai bautar ƙasa. Mabuɗin residensi kuwa jarrabawa ce da muke kira firamaris, kuma ba jami'a ke shirya ta ba. Kwalejojin ƙwararru ne: ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, sai biyu na Afirka ta Yamma, ɗaya ta likitocin tiyata, ɗaya ta likitocin magani. Fannin mata da haihuwa yana wajen ta tiyata, na yara yana wajen ta magani, ta ƙasa kuma ta haɗa duka. Sau biyu ake jarrabawar a shekara, a kwamfuta ake yi, kuma tambayar da za a yi wa wanda ya fito daga Ibadan ita za a yi wa wadda ta fito daga makarantar da ta yaye rukuninta na farko bara.

Idan kin ci firamaris sai neman asibitin da zai ɗauke ki. Ba kowane asibiti ke da izinin horarwa ba. Kwalejojin nan suna tantancewa sashe-sashe ne, har su ƙayyade yawan likitocin da sashen zai iya horarwa. Asibiti ɗaya zai iya samun cikakken izini a sashen mata, na wucin gadi a sashen yara, babu ko ɗaya a sashen ido. Bayan an ɗauke ki za ki yi shekara biyu zuwa uku kafin jarrabawar kashi na ɗaya, ki zama babbar rajistara (rajistara shi ne likitan da ke cikin residensi), sannan wasu biyu zuwa uku da rubuta kundin bincike kafin kashi na biyu, wanda shi ke mai da ke kwansaltan, wato cikakkiyar ƙwararriya a fanninki. Ki haɗa lissafin: daga ranar da kika shiga aji ɗaya, shekara 12 zuwa 14 ke nan idan komai ya tafi daidai, kuma da wuya komai ya tafi daidai.

A teburin tantancewa abin da ake dubawa shi ne takardar firamaris, lasisi, takardar bautar ƙasa, yadda kika yi a gwajin da asibitin ya shirya, da kuma jihar da kika fito, don asibitocin tarayya dole su yi rabo tsakanin jihohi. A nan 'yar Kebbi ko Zamfara ba ta cikin waɗanda ke kuka, likitocinmu ba su da yawa. Sai abu na ƙarshe da ba a rubutawa: ko akwai wani a teburin da ya san aikinki. Idan kwansaltan ya ce, "Wannan ta yi hausjob a hannuna, ba ta gudun kiran dare," magana ta ƙare. Ga inda maganar da aka gaya miki ta samo tushe. Ɗaliban tsohuwar makaranta sun fi cika asibitinta ne saboda an san su, ba don an karanta sunan jami'ar a takarda ba. Shi ya sa inda kika yi hausjob sau da yawa ya fi inda kika yi digiri tasiri, kuma babu abin da ya hana wadda ta yi karatu a Kebbi ta nemi hausjob a Sakkwato ko Kano ta shafin MDCN.

To, yanzu abin da ya fi komai nauyi, kuma shi ne iyaye suka fi tsallakewa. Hukumomi biyu ne ke da ta-cewa a kan makarantar likita. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ita ke amincewa da kwas ɗin a matsayin digiri. MDCN kuma ita ke cewa ko wanda ya riƙe wannan digiri zai taɓa majinyaci. Jami'a tana iya samun amincewar ta farko, ta buga talla, ta ɗebi ɗalibai, alhali ba ta kammala da ta biyun ba. Ita MDCN hawa-hawa take tantancewa. Akwai amincewar matakin aji, inda ake koyon sassan jiki da yadda suke aiki, akwai kuma ta matakin asibiti. Makarantar da ta samu ta farko ba ta samu ta biyu ba, ɗalibanta suna isa aji huɗu sai su tsaya cik. An sha ganin haka a ƙasar nan, a jami'o'in tarayya da na jihohi: yara su shekara takwas, tara, har goma a karatun shekara shida, wasu a rarraba su zuwa wasu jami'o'i, wasu a mayar da su wani kwas da ba su nema ba. Babu wanda ya faɗi jarrabawa a cikinsu. Ginin da ba a gama ba ne, ko malaman da ba a ɗauka ba.

Sai kason ɗalibai. Kowace makaranta MDCN ta yanka mata adadin da za ta ɗauka a shekara, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, kuma kowane ɗalibi ana ba shi lambar rajista a wajen hukumar tun yana makaranta. Idan an ba makaranta kaso 50 ta kwashi 150, ɗayan biyu ne: ko a zubar da mafi yawansu a jarrabawar aji ɗaya da ta aji uku da sunan tacewa, ko kuma su gama a yi ta rantsar da su kaɗan-kaɗan, saura na zaune a gida da sakamako a hannu babu lasisi. Wannan matsala ba ta sabbin makarantu kaɗai ba ce, tsofaffi ma suna yin ta.

Saboda haka kafin ki cike komai, ki buɗe shafin MDCN ki duba jerin makarantun da ta amince da su. Za ki ga masu cikakkiyar amincewa, da waɗanda ba su kammala ba, da kason kowacce. Jerin yana canzawa, don haka na ranar da za ki cike fom za ki duba, ba wanda aka turo a WhatsApp shekara biyu da suka wuce ba. Sannan ki yi wa kowace makaranta tambaya ɗaya: an taɓa rantsar da ɗalibanku, kuma rukunin ƙarshe shekara nawa suka yi daga shiga zuwa rantsuwa? Ba jami'in ɗaukar ɗalibai za ki tambaya ba. Ki nemi 'yar aji biyar.

Na biyu a nauyi shi ne asibitin koyarwa. Rabin karatun likita a gefen gado ake yin sa, kuma ga abin da ba kowa zai gaya miki ba: wanda zai fi koya miki aiki ba farfesa ba ne, rajistara ne. Shi ke ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare, shi zai riƙe hannunki ki ji kwanciyar jariri a ciki, ya nuna miki yadda ake ba mai jijjiga allurar magnesiyam, ya sa ki tsaya kusa a ga yadda ake tsayar da jini bayan haihuwa. Asibitin da ke da izinin horar da ƙwararru a sashen mata yana da wannan tsani cikakke, daga ɗalibi zuwa mai hausjob zuwa rajistara zuwa kwansaltan, kowa na koya wa na ƙasa da shi. Ɗalibar da ta tashi a irin wannan wuri tun tana aji biyar ta san littafin da ake karantawa don firamaris, ta ga tsoffin tambayoyi, ta san lokacin da ake sayar da fom. Wadda ta tashi inda babu masu residensi, sai ta gama bautar ƙasa sannan ta fara tambayar ina aka dosa. Idan za ki auna makarantu biyu da residensi a zuciyarki, wannan ne ma'auni: asibitinsu yana horar da ƙwararru? A sassa nawa?

Ta wannan fuska Sakkwato da Zariya ba abin musu ba ne. Jami'ar Danfodiyo tun 1975 take, asibitin koyarwarta ya daɗe yana horar da ƙwararru, har da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ake turo majinyata daga jihohin da ke kewaye. Zariya ta fi ta tsufa, da asibitinta na Shika. Amma kada ki ɗauka tsufa ba shi da nasa nauyin. A babbar makaranta za ki iya samun ɗalibai ashirin a kan gado ɗaya, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, kuma mai kunya tana iya gama sashen mata ba ta karɓi haihuwa da hannunta yadda ya kamata ba. A ƙaramar makaranta malami ya san sunanki, hannunki kuma ya fi shiga aiki. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 aka kafa ta, an kuma ɗaga tsohuwar cibiyar lafiya ta tarayya da ke garin ta zama asibitin koyarwa, ga asibitin Sir Yahaya, ga na Kalgo. Majinyata ba su ne matsalarmu a Kebbi ba. Abin da za ki bincika a kowace sabuwar makaranta, a nan ko a wata jiha, shi ne malamai: nawa ne mazauna, nawa ne na ziyara da ke zuwa su yi darasin wata guda a kwana biyu su koma? Akwai gawa a ɗakin koyon sassan jiki, ɗalibai nawa a kan kowacce? Ina nanata wannan ne saboda firamaris ta fannin mata ba tambayar haihuwa ba ce. Sassan ƙugu ne, da yadda halitta ke haɗuwa a mahaifa, da aikin jiki, da ilimin cuta, da na magunguna, wato karatun aji biyu zuwa huɗu. Wadda aka koya wa waɗannan a gaggauce sai ta sake karatun daga tushe bayan shekara biyar, ga aiki, wataƙila ga goyo.

Zancen Masar. Ba na raina ta. Jami'ar Alƙahira da Ain Shams da Iskandariyya da Mansura tsofaffin makarantu ne masu suna, kuma na yi aiki da waɗanda suka fito daga can suka iya aiki. Amma ki san abin da ke biye. Duk wanda ya yi digiri a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN, rubutacciya da ta gwajin aiki, kafin a ba shi lasisi, kuma mutane da yawa suna faɗuwa, wasu fiye da sau ɗaya. Kowace faɗuwa watanni ne na jira. Darasi a aji da Turanci ake yi, amma majinyaci da Larabcin Masar zai yi miki magana, ba Larabcin Islamiyya ba, kuma baƙuwar da ba ta jin majinyaci a bayan layi take tsayawa. Cututtukan ma ba ɗaya ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sikila, tamowa, matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye kafin a kawo ta a bayan mota, waɗannan abincinmu ne na kullum a nan, su za a tambaye ki, kuma ba za ki gan su da yawa a can ba. Sannan za ki dawo babu kwansaltan ɗaya da ya san ki.

Akwai kuma abin da ba ya hannun kowa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, yaranmu da yawa daga arewa aka kwaso, wasu saura musu shekara ɗaya. Kafin nan, a 2022, na Yukren suka dawo, MDCN kuma ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet ba. Sai kuɗi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kawu mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, amma a tambaye shi cikin ladabi ko alkawarin na shekarun karatun duka ne, ko dala ta kai nawa. Idan amsar ita ce "Allah zai hore," to guntun gatarinki ya fi sari ka ba ni. Ki roƙe shi ya juya taimakon zuwa littattafai, kwamfuta, da kuɗin firamaris idan lokaci ya yi.

Idan kuma a ranki akwai fita waje bayan digiri, karatu a gida ba ya rufe ƙofa. Ingila jarrabawar PLAB take nema da ta Turanci, Amurka USMLE, Saudiyya kuma tana tantance takardu ta hannun kamfanin DataFlow ta yi tata jarrabawar. Abin da makaranta za ta yi miki a nan biyu ne: sunanta ya kasance a kundin makarantun likita na duniya, kuma ofishinta ya riƙa amsa wasiƙar tantance takardu da wuri. Tsofaffi sun saba da wannan, sababbi sukan ɗauki lokaci kafin su shiga kundin. Ki sani dai gurbin fannin mata a Amurka yana cikin masu wuya ga baƙo, Ingila ma gasa ta tsananta, Saudiyya kuwa ta fi daraja wanda ya zo da takardar kwansaltan a hannu.

Damuwar Baba ba abin wasa ba ce, kada ki ɗauke ta a matsayin tauye ki. Zariya tana nufin bin hanyar Gusau zuwa Funtua sau da yawa a shekara har shekara shida, kuma kowa ya san halin da hanyar ta shiga. Sakkwato kuwa daga Argungu kusan kilomita 100 ne, ki fita da safe ki yi azahar a can. Wajen samun gurbi ma ta fi miki sauƙi: jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Kebbi kuma tana cikin yankin Danfodiyo, tana cikin na ukun. Yajin aiki kada ki sa shi a ma'auni sosai, don na 2020 da ya ci wata tara da na 2022 da ya ci wata takwas, na tarayya da yawancin na jihohi duk sun sha. Gurbi kuma kowane iri ne, idan bai fito a shafin JAMB ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya yi miki alkawari.

Da ni ce ke, Sakkwato zan sa a farko. Makarantar gida ta biyo baya, da sharaɗin sunanta yana cikin masu cikakkiyar amincewa, ta kuma rantsar da ɗalibai. Idan ta cika waɗannan biyu, ki shiga da ƙarfin zuciya, babu wanda zai tare ki a ƙofar residensi saboda ita. Idan ba ta cika ba, gara ki sake JAMB, asarar shekara ɗaya da kika sani ta fi ta shekara huɗu da ba ki sani ba. Masar ita ce ta ƙarshe.

Wani ɗan abu a gefe: kada ki ɗaure kanki da fannin mata tun yanzu. Da yawa suna shigowa da wannan buri, su ga aikin sa barci a ɗakin tiyata, ko ido, ko ƙwaƙwalwa, zuciya ta juya. Wannan ma dalili ne na zaɓar asibiti mai sassa da yawa. Arewa maso yamma ba ta rasa wuraren ƙwarewa ba: asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, cibiyar ido da ta kunne a Kaduna, asibitin ƙashi na Dala, da Babbar Ruga a Katsina inda Dakta Kees Waaldijk ya horar da likitoci masu yawa gyaran yoyon fitsari. Idan kuma kin tsaya a kan na matan, to jiharmu ta fi kowa buƙatarki, don har yau akwai matan da ke ƙin zuwa asibiti saboda namiji za su tarar. Zancen aure ma zai zo a tsakiyar shekarun nan 14, kuma da yawa daga cikinmu da ciki da goyo muka yi residensi. Abin da ya fi taimako shi ne asibiti kusa da dangi, da miji wanda aka gaya wa tun kafin a ɗaura cewa akwai kwanan asibiti.

Saura tallafin jiha. Hanya biyu ake samun albashi a residensi: ko asibitin tarayya ya ɗauke ki a matsayin ma'aikaciyarsa, ko jiha ta ɗauke ki aiki sannan ta tura ki horo tana biyanki. Ta biyun ta fi saurin samuwa, don asibitin ba ya jiran izinin ɗaukar ma'aikata daga Abuja kafin ya karɓe ki. Wasu jihohin arewa ma suna fara biyan ɗaliban likita tun suna makaranta, amma da yarjejeniyar za a yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Idan aka miƙo miki irin wannan takarda, ki kai wa Baba da wani likita su karanta tare da ke. Ki duba shekara nawa aka ɗaure ki, bayan shekara nawa za a sake ki ki tafi residensi, ko shekarun horon suna cikin lissafi, da abin da za ki biya idan kika fasa. Takardar firamaris tana da wa'adi, idan jiha ta riƙe ki a babban asibitin ƙaramar hukuma har ya wuce, sai kin sake zama. Ki nemi a rubuta lokacin sakin a cikin takardar kafin ki sa hannu, ki kuma ajiye kwafinki.